Sensar danshi da kayan nano: za ta jure iskar Legas kuwa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen lantarki, ina shekarar ƙarshe, muna zaune a Agege. Furojet ɗina shi ne in haɗa na'urar auna danshin iska da kayan nano, don na karanta cewa sun fi na kasuwa saurin ji. Babanmu yana da sito a Mile 12 inda yake ajiye wake da busasshen barkono, kuma duk damina sai wani abu ya yi fumfuna. Na sa sensar kasuwa DHT11 a ciki, kullum wajen 90 take nunawa, ba ta motsi. Zan iya haɗa tawa da hannuna? Wane sinadari zan nema, kuma za ta fi ta kasuwa amfani a siton?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayoyi biyu ka haɗa wuri ɗaya: ko za ka iya haɗa sensar, da kuma ko ita ce maganin matsalar siton Baba. Ta farko e, za ka iya, kuma da kayan da ba su fi ƙarfin ɗalibi ba. Ta biyu kuwa da sauran magana. Sa sensa ta ji danshi ba abu ne mai wuya ba, kusan duk abin da ke shan ruwa zai motsa mita. Wuyar aikin ita ce ta faɗi lamba ɗaya yau, ta sake faɗin ta bayan wata uku, a garin da iskarsa ke yin watanni tana tsakanin kashi 75 zuwa 95.

Ka fara riƙe abin da ake aunawa. Lambar da DHT11 ke ba ka ba yawan ruwan da ke cikin iska ba ne kai tsaye. Tana faɗa maka ne kashi nawa iskar ta ɗauka daga cikin iyakar abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. Iska mai zafin digiri 30 tana iya ɗaukar tururin ruwa wajen giram 30 a kowace kubik mita, mai digiri 20 kuwa giram 17 kacal. Saboda haka idan sensarka ta fi iskar da ke kewaye da ita ɗumi da digiri ɗaya tak, a danshin kashi 80 za ta yi maka ƙaryar maki huɗu zuwa biyar. Duk wanda zai auna danshi dole ya auna zafi a daidai wurin. Ita kuma DHT11, a takardarta iyakarta kashi 20 zuwa 90 ne, da kuskuren maki 5 sama ko ƙasa. Ta kai maƙurarta ne ta tsaya.

Me ya sa nano

Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma abin da ake kira kayan nano shi ne wanda kaurinsa ko faɗinsa bai wuce nanomita 100 ba. Amfaninsu a nan guda biyu ne. Na farko, kusan duk jikinsu fili ne da ruwa zai sauka a kai. Girafin, falle siriri na zallar kabon wanda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware a Jami'ar Manchester a 2004, giram ɗaya nasa yana da filin da ya kai murabba'in mita 2,630 a lissafi. Na biyu, shimfiɗar siririya ce, ruwa ba ya yin doguwar tafiya kafin ya ratsa ta ko ya fita. A 2013 masu bincike na kamfanin Nokia a Cambridge sun nuna cewa shimfiɗar girafin oksaid mai kaurin nanomita 15 tana amsawa cikin kimanin milisakan 30. Sensar kasuwa mai kyau irin SHT31 tana ɗaukar wajen sakan 8.

Yadda ruwan ke canza karatun mita yana da hawa-hawa, kuma idan ka gane wannan ka gane yawancin matsalolin da za su same ka. A busasshiyar iska ƙwayoyin ruwan farko suna maƙalewa ƙam a jikin sinadarin, ba sa motsi, wuta ba ta wucewa. Danshi na ƙaruwa sai wasu su hau kan na farko, har su haɗe su zama siririn ruwa mai hanya. A nan furoton, ƙananan ƙwayoyin haidurojin masu ɗauke da caji, ke fara tsalle daga ƙwaya zuwa ƙwaya, kamar yadda leburori ke jeruwa ranar zubin dakin suna miƙa wa juna kwanon kankare: ba wanda ya bar wurinsa, amma kaya na isa sama. Theodor Grotthuss ne ya fara kawo wannan bayani tun 1806. Shi ya sa turjiyar irin wannan sensa, wato yadda take hana wuta wucewa, ke iya faɗowa ninki dubu ko fiye tsakanin busasshiyar iska da jiƙaƙƙiya. Kafasitans, wato ƙarfin riƙe caji, shi ma yana hawa, domin lambar dayalektirik da ke nuna yadda abu ke ƙara wannan riƙon, ta ruwa wajen 80 ce, ta iska 1, ta robobin da ake sensar kasuwa da su kuwa 3 zuwa 4.

Sai dai ramukan da ke sa ta ji su ne ke sa ta riƙo. A ramin da faɗinsa bai wuce nanomita kaɗan ba, tururi yana zama ruwa tun iska ba ta ƙoshi ba, kuma ba ya fita a daidai danshin da ya shiga. Sai ka ga a kashi 75 sensar ta ba ka lamba ɗaya idan daga busasshe ta taso, ta ba ka wata idan daga jiƙaƙƙe ta sauko. Wannan bambancin hawa da sauka shi ne abin da masu duba furojet na gaske za su fara tambayarka.

Wanne za ka ɗauka

Shawarata girafin oksaid, wanda ake taƙaitawa GO. Yana bajewa a ruwa, ɗigawa kawai ake yi, ba ya buƙatar a gasa shi. Jikinsa cike yake da ƙwayoyin oksijin da ke janyo ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin fallayensa tana buɗewa daga wajen nanomita 0.7 zuwa sama da 1 idan ya sha. Ka saye shi a narke cikin ruwa, yawanci miligiram 2 ko 4 a kowace mililita yake zuwa. Kada ka ce za ka dafa naka da hanyar Hummers ta 1958 a ɗaki ko a shago: ana haɗa famanganet da ruwan asid na salfa mai ƙarfi, kuma abin da suke haifarwa yana iya fashewa idan zafi ya haura digiri 55. Garin nano busasshe ma ka guje shi, shaƙarsa ba alheri ba ne ga huhu.

Idan GO bai samu ba, sandunan zink oksaid ne na biyu, kuma ɗakin gwajin kemistiri na makaranta zai iya. Ana fara shafa wa gilashin iri da zink asitet da aka narkar a itanol, a gasa a digiri 350 na minti 20. Sannan a kifa shi cikin ruwa mililita 100 mai giram 0.74 na zink naitiret da giram 0.35 na sinadarin heksamin (HMT), a rufe, a bar shi a digiri 90 na awa uku zuwa huɗu. Ya fi GO jure jiƙewa, amma ya fi shi nawa, hasken rana yana canza masa karatu, kuma allon fiba ba zai ɗauki wannan gashin ba, sai gilashi ko alumina. MXene, wani kayan nano da za ka gani a sababbin takardu, wanda aka gano a Jami'ar Drexel a 2011, ka bar shi: iska mai laima tana cinye shi a hankali, mu kuwa ita muke da ita.

Haɗawa

Ƙarƙashin shimfiɗar ana sa ilektirod biyu masu yatsu da suka shiga tsakanin juna ba tare da sun taɓa ba. Mafi kyau shi ne na zinare a kan gilashi ko alumina da ake sayarwa a shirye. Mai araha shi ne ka zana naka a allon PCB, wato allon fiba na kayan lantarki, faɗin yatsa milimita 0.15 zuwa 0.2, tazara ma haka, filin duka milimita 5 sau 5, ka ce a yi masa rufin zinaren da ake kira ENIG, kuma kada a shafa koren fenti a kan yatsun. Jan ƙarfe tsirara zai yi tsatsa mai kore cikin ɗan lokaci. Fentin azurfa ya fi muni, domin azurfa tana tafiya a cikin laima idan akwai wuta, ta yi rassa har ta haɗe yatsun.

Wanki kafin ɗigawa ba abin rainawa ba ne. Ka gama sodar wayoyinka tukuna, ka wanke da aisofurofil, ka ɗauraye da tataccen ruwa, ka busar. Ragowar fulas, wato man soda, ko zanen yatsa ɗaya ya isa ya zama sensa mai zaman kansa, domin gumi gishiri ne. Ka yi hattara da ruwan batir na bakin titi, ba kowanne ne tsabtatacce ba. Ka sa tsinken mita a ciki, idan turjiyarsa ta yi kusa da ta ruwan famfo ka zubar.

Ka tsinka GO ɗin zuwa miligiram 0.5 a mililita, wato idan mai 4 ne, kashi ɗaya nasa da kashi bakwai na ruwa. Ka girgiza shi minti 10 zuwa 15 a injin wankin ultrasonik, irin wanda masu gyaran waya ke wanke allo da shi a Computer Village. Wuce haka yana farfasa fallayen. Ɗigon maikurolita 10 a kan wannan fili zai bar maikurogiram 5, wanda a lissafi ya kama kaurin nanomita 100 ko sama kaɗan. Amma ga wani abu da ɗalibai ba sa lura da shi: jan ƙarfen PCB kaurinsa maikuromita 35 ne, ya ninka shimfiɗarka fiye da sau 300. GO ɗin zai kwanta a kwarin da ke tsakanin yatsu ya tsinke a gefen tudun. Don haka a PCB ka yi ɗigo uku zuwa biyar, kowanne ya bushe kafin na gaba. Busarwa a digiri 40 zuwa 50, a rufe da kofin gilashi don ƙura. Idan ka matsa masa zafi zai bushe da zobe mai duhu a gefe da tsakiya fayau, kuma daga digiri 150 zuwa sama oksijin ɗinsa zai fara fita ya koma wani abu daban mai wuce wuta, wanda ba ya jin ruwa sosai. Shimfiɗa mai kyau ruwan ƙasa-ƙasa ce mai haske, launi ɗaya daga gefe zuwa gefe.

Ka yi aƙalla guda biyar masu ɗigo daban-daban, ka bar allo ɗaya ba komai a kansa. Shi kansa allon fiba yana shan ruwa kaɗan, kuma sai da wannan na banzan za ka iya nuna cewa GO ne ke aiki.

Wutar da za ka auna da ita

Nan ne mafi yawan furojet ke lalacewa. Idan ka ɗora mita ta gama-gari a kan ohm, za ka ga lamba tana ta hawa ba ta tsayawa. Mitar wutar DC mai tafiya gefe ɗaya take turawa, furoton suna taruwa a yatsa ɗaya su toshe hanya, kuma idan wutar ta haura bolt 1.23 ruwan kansa zai iya fara rabewa, GO ɗin da ke gefen nagatif ya yi baƙi ya lalace har abada. Da wutar AC mai kai-da-komo ake aunawa, ƙasa da bolt ɗaya, a 100 Hz zuwa 1 kHz. Idan sashenku na da mitar LCR, ita ce farkon abin nema. Ka gwada a matakan Hz uku ko huɗu. Za ka ga a ƙananan Hz canjin ya fi girma, a manya kuma ya fi natsuwa.

Don na'urar da za ta tsaya da ƙafarta, guntun AD5933 yana auna imfidans, wato turjiya a wutar AC, daga kilo-ohm 1 zuwa mega-ohm 10, yana magana da Arduino ko ESP32 ta I2C. Hanya mai arha ita ce ka jera sensar da resista sananniya tsakanin ƙafafu biyu na Arduino, kana juya su, wannan sama wancan ƙasa, bayan ka rage ƙarfin wutar da resistoci. Resista ɗaya ba za ta rufe ninki dubu ba, ka tanadi 10k, 100k, 1M da 10M ana zaɓa. Ka sa of-am, wato guntun amfilifaya, mai shan wuta kaɗan irin MCP6002 kafin ADC, ɓangaren da ke mai da wuta lamba, domin ADC na Arduino ba ya son abin da ya wuce kilo-ohm 10 a gabansa. Wayoyi su zama gajeru, kuma lokacin awo ka ciyar da na'urar daga fawa-banki, don hayaniyar 50 Hz ta wutar NEPA ko ta janareta tana shiga ma'auni mai turjiya da yawa cikin sauƙi.

Saiti da gishiri

Ba ka buƙatar akwatin gwaji mai tsada. Gishirin da ya ƙoshi da ruwa a cikin rufaffiyar kwalba yana tsayar da danshin iskar da ke samansa a lamba sananniya, kuma jadawalin da Lewis Greenspan ya fitar a 1977 a hukumar ma'auni ta Amurka har yau shi ake bi. A digiri 25, LiCl yana ba da 11.3, MgCl2 32.8, K2CO3 43.2, NaBr 57.6, gishirin miya NaCl 75.3, KCl 84.3, K2SO4 kuma 97.3. Tun da a Legas za ka yi aiki, uku na ƙarshen sun fi muhimmanci, ka ƙara biyu daga ƙasa. Ka nemi na ɗakin gwaji a makaranta ko wajen masu sayar da kemikal a Ojota. Gishirin kanti zai yi don dubawa, amma akwai abubuwan da ake ƙara masa.

Ka zuba gishirin kaurin yatsa biyu a gindin kwalba, ka yayyafa tataccen ruwa har ya jiƙe sharkaf amma ƙwayoyinsa na nan ana gani. Idan ya narke duka, lambar ta tashi daga aiki. Sensar ta rataya a sama, waya ta fita ta murfi, a toshe ramin da gam. Ka sa kwalaben cikin kula don zafi ya daina hawa da sauka, ka bar kowace awanni da dama, kwana ya fi. Ka rataya SHT31 kusa da taka a matsayin shaida. Ka bi kwalaben daga busasshe zuwa jiƙaƙƙe, sannan ka juyo baya, ka zana layukan biyu a takarda ɗaya, imfidans a ma'aunin log. Ka maimaita bayan mako ɗaya, da bayan wata ɗaya. Tazarar layukan nan da yadda suka goce da lokaci su ne ainihin sakamakonka, sun fi wata babbar lambar saurin ji daraja.

Saurin amsawa kuwa ba ya aunuwa da kyau ta hanyar cirewa daga kwalba zuwa kwalba, hannunka ya fi sensar nawa. Ka samo famfon iska na akwatin kifi, ka raba bututun biyu, ɗaya ta cikin silika jel, ɗaya ta cikin ruwa, kana juyawa da bawul.

Abin da Legas za ta yi mata

Raɓa ce babbar abokiyar gaba. A iska mai digiri 30 da danshi 80, duk abin da sanyinsa ya kai digiri 26 zai yi gumi. Ka fito da sensa daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska zuwa waje, ruwa zai kwanta a kanta, shi kuma GO da ruwa aka kawo shi, da ruwa zai tafi: ya kumbura, ya tattare, ya ɓamɓare. Ana rage wannan da ɗaure fallayen da ƙwayoyin alminiyam ko kalsiyam, ko a gauraya shi da ɗan PVA, wata roba mai narkewa a ruwa, amma kowanne yana rage sauri. Sai gishirin teku, musamman wajen Apapa, Lekki da Badagry. Ƙwaya ɗaya ta sauka a kan yatsun, da danshi ya haura 75 za ta narke ta haɗe su, karatu ya yi tsalle. Hayaƙin janareta yana toshe fili, amoniya daga kashin kaji ko turken raguna tana canza karatu kamar danshi ne. Rufin robar PTFE mai numfashi yana tare ƙura da ɗigo. Farin tef ɗin masu gyaran famfo, falle ɗaya ba a ja shi sosai ba, yana yin maneji.

Na kasuwa ma ba su tsira ba. Kamfanin Sensirion da kansa ya rubuta cewa idan sensarsa ta yi awa 60 a sama da kashi 80, karatunta na iya ƙaruwa da maki 3 na ɗan lokaci. Dabarar ita ce ɗan ɗumi: resista a bayan allo da za ta ɗaga zafin da digiri 5 tana mai da kashi 90 na digiri 30 ya zama wajen 68 a fuskar sensar. Kana iya kunna ta lokaci-lokaci don korar ruwa, ka jira ta huce kafin ka karanta.

Akwai iyakar abin da wannan tsari zai ba ka. Kaurin da muka lissafa ƙiyasi ne. Ba za ka rubuta shi a matsayin awo ba sai an duba da madubin ilektiron ko makamancinsa. Ɗigon hannu ba ya fitar da sensa biyu iri ɗaya, kowace sai an yi mata nata saitin. Kuma kuskuren maki 4 zuwa 5 a sensar da aka haɗa da hannu ba abin kunya ba ne, in dai ka auna shi ka faɗa.

Siton Baba

Danshin sito ba ya canzawa cikin milisakan, don haka saurin GO ba shi da aikin yi a can. Inda yake da kasuwa shi ne bin numfashin majiyyaci, ko maɓallin da ke jin yatsa kafin a taɓa shi. Idan ka gina furojet ɗinka a kan numfashi, ka sa sensar cikin takunkumi kana ƙirga shaƙa da fitarwa, za ka nuna abin da SHT31 ba za ta iya bi ba.

Ga sito, ka cire DHT11 ka sa SHT31 ko SHT35 mai rufin tacewa. Amma iskar ɗakin za ta ci gaba da nuna maka 80 da ɗoriya duk damina, wannan ba labari ba ne. Abin da ke hana fumfuna shi ne danshin da ke cikin buhu, kuma ƙa'idar ita ce ya tsaya ƙasa da kashi 65. Ka ɗebi wake ko barkono daga tsakiyar buhu, ka cika kwalba rabi, ka sa sensar a sama, ka rufe, ka karanta bayan awa ɗaya zuwa biyu. Idan ya haura 65, kayan bai bushe ba, ko ya sha laima a hanya ko a ajiya, sai a sake shanya shi kafin a ɗaure. Wanda ya sauka ƙasa da haka a zuba shi a buhu mai leda biyu a ciki irin PICS, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako nesa da bango da siminti. Ka riƙa yin gwajin kwalbar ga kowace mota da ta sauke kaya daga Arewa, kana rubuta kwanan wata, zafi da danshi, sannan ka sake gwada buhunan nan bayan mako biyu ka ga waɗanda suka hau.